Rezon Yaya Suma'ila a Cikin Duwatsu

Yaya Suma'ila, kai ka koya mini cewa rezo, siginar nan da waya ke kamawa, yana da iyaka. Akwatin wifi da ka kafa a shagonka na unguwar Birni, ƙarfinsa bai taɓa wuce bakin lungu ba, katangun ƙasa suna shanye shi. Ranar da muka kai ka makwanci, ni na zare shi daga kuran, wato wutar lantarki, na naɗe cikin jallabiyarka, na tura ƙarƙashin gado.

Ran Lahadi Inna ta aike ni Mirriya in kai wa Gwaggo Rahina sadakarka. A dawowa mota ta mutu kafin mu shigo gari, wajen manyan duwatsun nan. Na ce bari in ƙarasa da ƙafa. Rana ta yi ja. Ba gida, ba shago, sai ƙaya da warin awaki.

Waya ta girgiza a aljihuna.

Na duba. Sunan rezonka ne, yadda ka rubuta shi da hannunka: Suma'ila Birni. Sandar sigina ɗaya.

Yaya, na san inda na ajiye akwatin. Amma ƙafata ta bar kwalta. Na yi gabas, sandar ta ɓace. Na juyo, ta zama biyu. Na bi ta tsakanin duwatsu ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai ƙanshin turarenka, gauraye da ƙaurin dalmar da kake liƙa wayoyi.

Sanduna suka cika a bakin wata tsaga, baƙa ƙirin.

"Yunusa."

Muryarka ce, har da dishewar nan ta kwanakin ciwo.

"Yaya? Kai ne?"

"Sanyi nake ji, ƙanena. Ina so in shigo gida in ga Inna. Na manta kod."

Gilashin waya ya haska, yana neman kod ɗin shiga wifi. Ka san shi: sunan yanka na Inna. Dariya ka yi ranar da ka sa shi, ka ce 'yan zaman kashe wando su yi ta gwaji har su tsufa, duk unguwa Inna ake ce mata, mu kuma ba ɗan da zai kama sunan uwarsa.

"Rubuta mini," in ji muryar. "Ko ka faɗa, ba mai ji."

Hawaye ya rufe mini ido. Na rubuta rabin farko: Ummul.

"Sai me?"

Yatsana ya tsaya. Wayata ta daɗe da sanin kod ɗinka, ba ta taɓa tambayata ba. Kai ka ce mini rezon da ya ari sunan wani ya nemi kod, tarko ne. Boka ma, in zai yi wa gida aiki, sunan uwa yake fara nema.

"Yaya ba zai ce in faɗi sunan Inna ba," na ce a hankali.

Ƙanshin ya ɗauke. Wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya.

"Sai me?"

Ba daga tsagar ba. Daga bayan kunnena.

"Ummul... sai me? Sai me?"

Kowane dutse ya ɗauka, manya da ƙanana, duka da muryarka.

Na kama A'uzu, ta harɗe a harshena.

Na zuba da gudu. Ƙaya ta yage mini ƙafa. Wani abu mai sanyi ya riƙe wutsiyar rigata, na bar masa ita. Fitilar babur ɗin ɗan kabu-kabu na gani a kan kwalta, na faɗi gabansa.

"Kai, lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Mu je, Malam, don Allah mu je."

Na goge sunan daga waya, ya dawo. Kullum magariba yake dawowa. Da farko sanda ɗaya, in na tsaya a bakin Birni. Daga baya har lungunmu. Jiya sanduna suka cika a ƙofar ɗakin Inna.

Yau da safe tana dama fura ta ce, "Yunusa, wa ke tsayawa a zaure da magariba? Sai ya kama sunana, ya tsaya a rabi. Muryar kamar ta ɗan'uwanka. Yau in ya zo zan leƙa."

Yaya, in kai ne, ka yafe mini, ba zan ƙarasa ba. In ba kai ba ne, ka roƙa mana Allah daga inda kake. La'asar ta wuce, kuma har yanzu ban faɗa wa kowa ba.