Yaron da Bai San Ja Ba

A wani ƙauye da ke kan tudu kusa da Dschang, a ƙasar Kamaru, akwai wani yaro mai suna Dongmo. Babu abin da yake so a duniya kamar a ba shi kwando ya shiga gonar kofi tare da babansa.

Duk shekara in kofi ya nuna, gidansu yakan watse tun da sassafe. Babansa, Papa Tsafak, yana gaba. Mama tana biye. Yayarsa Mirabel tana baya da kwando a ka, tana yanga. Shi kuwa sai a bar shi da kaji da kakarsa Mami Sonna, wadda ta haifi Mama. Yakan tsaya a bakin shinge yana kallonsu har ganyen ayaba ya rufe su.

"Papa, ni yaushe?"

"In ka cika shekara bakwai."

To, bana ya cika bakwai. Papa ya saya masa ɗan kwando sabo fil. Don murna, Dongmo ko abincin kirki bai ci ba.

Ranar Asabar suka shiga gona. Papa ya janyo reshe ɗaya ya nuna masa.

"Doka ɗaya ce a nan. Ja kaɗai ake tsinka. Kore ɗanye ne, a bar shi ya nuna. Ka gane?"

Dongmo ya ƙura wa reshen ido. 'Ya'yan kofi sun yi cincirindo a jikinsa, amma a wurinsa duk kusan iri ɗaya ne. Wasu sun ɗan fi wasu duhu, shi ke nan.

Da ma ya daɗe yana jin akwai abin da mutane suke gani wanda shi ba ya gani. Mirabel takan ce, "Dubi jan furen can!" Ya duba, ya duba, ganye kawai yake gani. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Yau kuma in ya faɗa, ai Papa zai karɓe kwandon.

"Na gane, Papa," in ji shi.

Wannan "na gane" ita ta jawo masa. Ya kama reshe ya yi ta zagewa, babba da ƙarami, bai bar ko ɗaya ba. Kafin Mirabel ta kai rabi, nasa kwandon ya cika. Ya ɗauko shi yana nishi, yana murmushi.

Papa ya juye kwandon a kan buhu.

"Kai!" in ji Mirabel. "Wannan ai aski ya yi wa bishiya!"

Papa ya je ya duba. Bishiya uku sun koma fayau. Ya dawo ransa a ɓace.

"Wata da watanni muna jiran 'ya'yan nan, kai ka zubar da su a safiya ɗaya. Ban ce maka ja kaɗai ba?"

"Ka ce."

"To wasa ka mai da ni?"

Dongmo ya sunkuyar da kai. Da suka koma gida, Papa ya rataye kwandon a kan ƙusa, can sama a ɗakin girki.

"Yana nan sai ranar da ka yi hankali."

Makon nan ya yi wa Dongmo tsawo. Ya koma bakin shinge, ga shi yanzu ya san daɗin gonar. Wani lokaci yakan tsinci ƙwayar kofi a tsakar gida, ya kai ta rana, ya juya ta, ya matso da ita kusa da idonsa.

"Nuna mini jan nan naki mana," yakan ce da ita a hankali. "Sau ɗaya kawai."

Ranar Alhamis a makaranta, malamarsu Madam Kenfak ta ce kowa ya zana tutar ƙasa. Kore, ja, rawaya, da tauraro a tsakiya. Da can Dongmo yakan leƙa fensirin da na kusa da shi ya ɗauka, ya yi koyi. Yau an raba musu wurin zama. Ya yi canke, ya shafa abin da ya samu.

Wani yaro ya leƙo, ya fashe da dariya.

"Madam, Dongmo ya canja mana ƙasa!"

Aji ya ɗauki dariya. Ashe inda ake sa kore ja ya sa, tsakiya kuma ya cika ta da ruwan ƙasa. Madam ba ta yi dariya ba. Da aka tashi, ta ce ya tsaya. Ta ɗaga fensir biyu.

"Ba ni ja."

Dongmo bai kalli fensiran ba, fuskarta yake kallo ko zai gane amsa. Sai hawaye suka zubo.

"Madam, iri ɗaya ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da ma."

Madam ta share masa fuska da gefen gyalenta. Da kanta ta raka shi gida, ta zauna ta yi wa iyayensa bayani. Ba ta gama ba Mami Sonna ta tafa hannu.

"Wayyo ni! Ai irin na marigayi ne, kakansa! Mutumin nan ya taɓa sayo mini koren zane, yana rantsuwa ja ne. Shekara arba'in ni nake zaɓar masa rigar zuwa coci!"

Mama ta riƙe baki. "Mami, ba ki taɓa gaya mana ba!"

"Wa ya tambaye ni?"

Washegari Papa ya ɗauki Dongmo a babur zuwa asibiti a gari. Likita ya buɗe wani littafi mai ɗigo-ɗigo. Papa yana ganin lambobi a ciki ƙarara. Dongmo kuwa ɗigo kawai yake gani.

"Idonsa lafiya lau," in ji likita. "Ja da kore ne ba ya bambancewa. Da shi aka haife shi. Ba shi da magani, amma ba ya ƙaruwa, kuma ba zai hana shi karatu ba."

A hanyar dawowa suka iso gindin tudu. Nan Papa ya tsayar da babur ya juyo.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ji tsoro ka karɓe kwandon."

"Ga shi kuwa ka yi shiru, na karɓe." Papa ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma ina da laifi. Na yi faɗa ban tambaya ba. Ka yi haƙuri, ɗana."

A gida kowa ya sa hannu. Mama ta rubuta sunan kowane launi ta manna a jikin fensiransa. Mirabel ta daina cewa "ɗauko jan bokiti", ta koma cewa "mai karyayyen hannu". Amma kwando yana nan a kan ƙusa. Papa ya ce ba horo ba ne yanzu, shi dai bai ga yadda za a yi ba. Wannan ya fi faɗan zafi a zuciyar Dongmo.

Ranar Asabar da safe Mami Sonna ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sandarta.

"Tsafak, sauko da kwandon nan."

"Mami, ai kin ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Kakansa kuma babu wanda ya fi shi tsinkar kofi a ƙauyenmu. Da ido ka zata yake yi?"

Ta tafi a hankali har gona, tana tsayawa tana hutawa. Ta kama hannun Dongmo ta ɗora a kan reshe.

"Rufe idonka, ba da shi za mu yi aiki ba yau. Matsa wannan."

"Tauri gare shi kamar tsakuwa."

"Ɗanye ne, ƙyale shi. Wannan fa?"

"Da ɗan laushi."

"Murɗa shi kaɗan."

Ƙwayar ta faɗo cikin tafinsa da kanta. Dongmo ya buɗe ido yana dariya.

Aikin ba sauri. Ɗaya bayan ɗaya yake taɓawa. In ya yi shakka sai ya ɗaga murya, "Mirabel, wannan fa?" Ita kuma ta ce e ko a'a. Har rana ta take, rabin kwando kawai ya samu.

Papa ya juye a kan buhu. Ya baza da hannu, ya tsince ɗanyu. Guda huɗu ne kacal. Ya juye na Mirabel, ya tsince shida.

"Ke mai ido biyu, ina labari?"

"Papa, ai shi ya yi ta kirana!"

Kowa ya yi dariya. Dongmo ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga cikin nasa, ya daɗe yana kallonta.

"Papa, wai yaya ja yake?"

Papa ya kalli ƙwayar. Ya sosa ƙeya. Bai taɓa tunanin za a yi masa wannan tambaya ba.

"Ban san yadda zan faɗa maka ba, ɗana. Da ana ba da aron ido, da na ba ka nawa ka gani."

Ya karɓi ƙwayar, ya matse ta a bakin Dongmo. Ruwanta mai zaƙi ne.

"Ni dai in na ga ja a gonar nan, wannan nake tunawa."

Dongmo ya tsotse ta tas. Har yanzu yana so ya ga ja da idonsa, ko sau ɗaya ne. Amma ya gane cewa rashin ganin ja ba laifi ba ne, ɓoyewar ce ta jawo masa. In ba ka gane abu ba, ka faɗa, masu sonka za su taimake ka.

Papa ya miƙa masa kwandon.

"Riƙe kayanka. Ranar Asabar kai ne a gaba."