Gidanku Ne

Babu abin da ya bambanta yammacin da abin ya fara da sauran yammaci. Rana ta faɗi, hasken da ya rage a taga ya koma launin toka, Tela yana zaune a kan keken ɗinkinsa a ɗakin gaba yana ƙoƙarin zura zare a allura kafin duhu ya ƙwace masa ita. Matarsa tana kicin tana tsame shinkafa. 'Yarsu, wadda kowa yake kira Auta don ita kaɗai ta rage a gabansu, tana zaune a tabarma tana ɗinka maɓallai a wata riga. Shekarunta goma sha biyar.

Sai wani ɓera ya leƙo daga ramin da ke bayan keken, inda bango ya haɗu da daɓe. Bai gudu ba. Ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya dubi Tela kamar mai jiran izini.

Tela mutum ne mai barkwanci, irin waɗanda suke yi wa komai magana, daga almakashi har zaren da ya tsinke. Ya cire hularsa, ya ɗan rusuna.

"A'a, manyan baƙi! Ku shigo mana, gidanku ne."

Auta ta tuntsire da dariya. Uwar ta ɗaga murya daga kicin: "Baban Auta, da wa kake?"

"Da danginki. Sun zo gaishe ki."

"Allah ya shirye ka. Magariba ce fa."

Ɓeran ya fito, ya bi gindin bango a hankali, ya shige cikin gida. Wani shiru ya biyo bayansa, wanda har ya sa Auta ta daina dariya ba ta san dalili ba. Amma wasan ya yi wa uban daɗi, ya maimaita shi washegari, ya sake maimaitawa a rana ta uku, duk da magariba, duk da kalmomi iri ɗaya. Daga nan ya manta da shi.

Cikin wata biyu ɓeraye suka cika gidan. Suka huda buhun shinkafa, suka gaigaye sabulu, suka zuba kashi a aljihun keke inda Tela yake ajiye allurai. Ya ɗana tarko da guntun busasshen kifi, da safe ya tarar tarkon ya faɗa, kifin ya tafi, babu ko gashi. Ya barbaɗa magani a kan burodi, suka ture shi gefe suka ci abin da ke kusa da shi. Ya shimfiɗa kwali mai danƙo, ya kama takalmin matarsa. Ya aro kyanwa wurin maƙwabciya, ta kwana ɗaya, gari na wayewa suka same ta a kan katanga, ta ƙi saukowa ta ɓangarensu.

Duk wannan bai hana shi barkwanci ba, sai ranar da suka ci tsakiyar wani yadi mai tsada na wata mata da ta shekara goma tana kawo masa ɗinki. Matar ta ɗaga yadin, ta dube shi ta cikin hudar, ta ninke kayanta, ta fita ba sallama.

A yammacin nan ya ɗora babbar tukunya a wuta da kansa.

"Ka bari sai da safe," in ji matarsa. "Ko ba komai, ka yi bismilla."

Ya janye keken, ya durƙusa, ya tuttula tafasasshen ruwan a ramin har ƙarshe. Tururi ya taso ya rufe masa fuska. Daga can ƙasa suka ji wani ɗan kuka siriri, ba irin na ɓera ba. Duk matar da ta taɓa haihuwa ta san wannan kukan, kuma matar Tela ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya kwaɓa siminti da fasassun kwalabe, ya toshe ramin, ya shafe shi sumul da bayan cokali.

Kwana uku babu motsin ɓera ko ɗaya. Tela ya ce ya yi maganinsu.

A rana ta huɗu, ana idar da sallar magariba, jifa ta sauka a kan rufin kwano. Ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wata. Sau biyar. Tela ya fita da tocila ya zagaya gidan, bai ga kowa ba. Da safe Auta tana shara ta tsinci abin da aka jefo. Guntayen busasshen siminti ne, kowanne da tsinin kwalba a jikinsa. Suka duba ramin, yana nan a toshe, ko tsagewa bai yi ba.

Bayan jifa sai murya. Ta cikin bango take fitowa, ƙasa-ƙasa, muryar mace mai ƙirga wani abu. Takan kai biyar, ta tsaya, ta koma farko, kamar wadda take fatan lissafin ya canza.

Sannan abin ya koma kan Auta. Ta daina ratsa tsakar gida, sai ta bi gindin bango. Uwar ta sami guntayen burodi da ɗanyar shinkafa a ƙarƙashin matashinta. Wata magariba suka same ta tsugune a bayan keke tana gaigayar gefen tabarma da haƙoran gaba, idanunta a buɗe, ba ta gane kowa. A daren ne bororon farko ya fito mata a gadon baya, faɗinsa kamar tafin hannun jariri, irin wanda ruwan zafi yake yi.

Suka kai ta asibiti. Likita ya duba, ya ce ƙuna ce, ya tambayi wanda ya zuba mata ruwan, ya daɗe yana kallon Tela kafin ya rubuta magani. Aka shafa maganin. Bayan kwana biyu bororo na biyu ya fito, sannan na uku. Da na huɗu ya bayyana, uwar ta ajiye kwalbar maganin, ta ce, "Biyar take ƙirgawa, Baban Auta. Saura ɗaya. Ba na son in san abin da yake bayan biyar."

Malamin da suka ɗauko dattijo ne marar yawan magana, wanda ya karantar da rabin unguwar. Ya zo bayan la'asar, ya zagaya ɗakin gaba, ya tsaya a kan ramin da aka toshe, ya saurari labarin ruwan zafin ba tare da ya tsawata wa kowa ba. Ya sa aka zaunar da Auta a tabarma, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya jira hasken taga ya dushe, sannan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Jikin yarinyar ya fara rawa, kafaɗunta suka ɗage, hannuwanta suka dunƙule a ƙarƙashin haɓarta. Da ta buɗe baki, muryar cikin bango ce ta fito.

"Ya isa, Malam. Ina jinka. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke?"

"Matar gidan."

"Ga matar gidan nan tana riƙe da 'yarta."

"Wannan? Zama muka bar ta ta yi. Tambayi mai keke. Sau uku ya cire hula ya ce mu shigo, gidanmu ne. Shekara nawa muna ƙarƙashin wannan daɓen ba mu tsallake ba, don ba a ba mu izini ba. Da aka ba mu, na kwaso 'ya'yana na sa su a bakin ƙofa su sha iska. Biyar. Ko ido ba su buɗe ba."

Malam ya juya. "Ka faɗa?"

Tela ya ce, "Allah gafarta Malam, wasa nake yi. Da ɓera nake. Yarinya nake ba dariya."

"Kin ji," in ji Malam. "Wasa ne. Kyautar wasa ba ta zama kyauta."

"Ruwan ma wasa ne?"

A waje wani ya wuce da babur, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace.

"An zalunce ki," Malam ya ce a ƙarshe. "Ban zo in musa ba. Amma yarinyar nan ba ta ɗora tukunya ba."

"Nawa ma ba su ci yadin kowa ba."

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Auta ta sandare, ta yi ƙara, zufa ta jiƙa rigar uwarta. Muryar ta yi kuka, ta yi zagi, ta roƙa, har ta ce ya tsaya a yi magana. Suka yi ciniki kamar a kasuwa, sai dai abin da ake tayawa yana numfashi a tsakaninsu. Ta nemi yarinyar gaba ɗaya, Malam ya ƙi. Ta nemi idanunta, tun da nata 'ya'yan ba su ga duniya ba, ya ƙi. Ta nemi ƙuna ta biyar kawai, ya ce ko ɗigo.

"To a fasa simintin, a binne min su kamar 'ya'yan mutane."

"Za a yi."

"Kuma daga yau ba tarko, ba magani, ba kyanwa, ba ruwa. Duk abin da ya shigo da ƙafa huɗu nawa ne. Ranar da hannun mutumin nan ya kashe ɗaya, zan dawo in cika biyar."

Malam ya dubi Tela. Tela ya gyaɗa kai, hawaye na zuba a gemunsa.

Malam ya ce, "Rantse za ki bar ta."

"Na rantse na bar jikinta. Amma gidana ba zan bar shi ba. An ba ni."

"Riƙe gidan," in ji Tela da sauri. "Na bar miki. Ki ba ni 'yata."

Wani abu kamar dariya ya ratsa fuskar yarinyar. Ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta ce, "Mama, ƙishirwa nake ji," da muryarta, uwar ta fashe da kuka. Malam bai yi murna kamar yadda suka zata ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya fasa.

Da safe Tela ya fasa simintin. Abin da ya tarar ya naɗe a farin ƙyalle, ya binne a gindin katanga, bai bari matarsa ta gani ba. Ƙunar Auta ta warke, ta bar tabo huɗu. Kafin mako ya zagayo suka ɗaure kayansu, suka rufe gidan da ya gada daga mahaifinsa, suka kama hayar ɗaki biyu a can ƙarshen gari, sabon gini mai daɓen siminti wanda ko tururuwa ba ta huda ba. Tela ya duba kowane lungu da tocila. Ranar ya yi barkwancinsa na farko cikin watanni.

Da magariba ta uku, yana zura zare a allura, ya ji ana kallonsa. A bakin ƙofa ɓera yana tsaye, hancinsa a sama. Wannan karon bai jira izini ba.

Washegari Tela ya tafi wurin Malam, ya same shi a zaune da littafi a cinya.

"Allah gafarta Malam, ta karya alkawari. Na bar mata gidan, da makullinsa da komai. Ta biyo mu."

Dattijon ya rufe littafin a hankali. "Tun ranar abin yake damuna, na yi fatan ni ne na yi zurfin tunani. Da ka shigo yanzu, bayan sallama, me na tambaye ka?"

"Ka ce yaya gida."

"Bango nake tambaya?"

Tela ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Babu abin da za a yi?"

"Ta rantse a kan jikin yarinyar, kuma ta cika. Sauran kai ka bayar, da farko da wasa, daga baya a gabana. Ka kiyaye hannunka, ɗana. Shi kaɗai ya rage maka."

Sun sake tashi sau biyu bayan nan, kafin su gane wahalar banza ce. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, don babu yadin da yake kwana lafiya a hannunsa. Yanzu facin tsofaffin kaya yake yi a bakin titi, ya gama a gaban mai su. Matarsa tana rataye abinci a igiya daga rufi, ɓerayen suna bin igiyar. Auta ta girma, tana da lafiya, tana dariya wani lokaci. Uban ba ya tafiya a cikin ɗaki sai yana jan ƙafa a ƙasa, kada ya taka wani abu a duhu, ba ya kuma juyi a shimfiɗa sai ya shafa gefensa. Sau ɗaya ya farka ya ga ɓera a kan matashin Auta, dab da kunnenta, takalminsa yana hannunsa kafin ya san ya ɗauka. Ya tsaya a haka har hannun ya yi sanyi, sannan ya ajiye takalmin ba tare da ƙara ba.

Mutanen sabuwar unguwar sun san shi a matsayin mutum mai shiru, marar wasa. Da yamma, idan yana tura kekensa zuwa gida kafin duhu, sukan ɗaga masa hannu.

"Tela, an tashi? Yaya gida?"

Yakan ɗan tsaya kafin ya amsa.

"Suna nan," yake cewa.