Murya Daga Kan Ɗorawa

"Gobe a mayar wa Ashafa da kayan aurensa."

Malam Tukur bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata Ummuhani. Tana durƙushe a ƙofar turakarsa, tana murza bakin mayafinta kamar shi ya yi mata laifi.

"Baba, don Allah..."

Ya ce ta yi shiru. Ya ce shi da kansa ya zaunar da Ashafa ya tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa a gari, yaron ya dubi ƙasa ya ce gaskiya ne: tun da ya dawo daga yaƙin da Turawa suka kai su ƙasar Bama, in ya ji ƙara mai ƙarfi jikinsa kan kama rawa, kuma bai sani ba ko abin zai bar shi.

"Da bakinsa ya ce bai sani ba. Ni kuwa ba na ba da 'yata ga wanda bai sani ba."

Ta tashi ta shige ɗaki, kuka ya ci ƙarfinta. Son Ashafa take yi, so mai zafi, kuma ta san wanda ya kitsa wannan magana. Maiwada ne, mutumin Ikara da ya kafa injin matse rake a fadamar Kudan, wanda tun da ya ƙyalla ido ya gan ta gidansu bai sake rabuwa da mazarƙwaila ba. Shi ya bi majalisa majalisa yana cewa Ashafa, sojan nan na Makarfi, ya taɓu, ba ya da aiki sai hawa bishiya yana kallon sama. Alhali kowa ya san amya yake ɗaurawa, zumarsa kuma har shi Maiwadan ya sha, bai ce ta taɓu ba.

Ita kaɗai Ashafa yake ba labarin yaƙi. Ya ce shi bai taɓa harbin kowa ba. A wata rumfa aka sa shi, gaban wani faffaɗan tebur mai taswira, da doguwar sanda a hannunsa yana tura 'yan katako, kowane katako jirgin sama ne. Na'ura ta hango jirgin abokan gaba, a faɗa masa, ya matsar da katakon, wani hafsan Bature kuma ya duba teburin ya yi wa matuƙin jirginsu magana ta wayar iska. Matuƙin yana can cikin gajimare, ba ya ganin komai, da muryar nan kawai yake gani. Ranar da ya ba ta labarin, da tsakuwa ya kwatanta mata a ƙofar gidansu.

Ya ce hafsan ba ya cewa gabas ko can ko nan. Da jikin matuƙin yake auna komai: yana damanka, yana samanka, yana matsowa, yanzu ya juya. Kuma ba ya yin shiru, don abin da yake gaskiya ɗazu ya riga ya zama ƙarya yanzu. Ta yi dariya ta ce ashe aikin surutu ya je yi Bama. Shi bai yi dariya ba. Ya ce akwai ranar da jirgin abokan gaba ya ɓace wa wani sabon hafsa, kunya ta hana shi ya ce ya ɓace, sai ya maimaita wurin da ya gan shi a baya. Matuƙin ya nufi can da zuciya ɗaya, aka ɓullo masa ta baya. Ashafa ne ya ɗauke katakonsa daga kan teburin.

Washegari da hantsi Ummuhani ta saci jiki ta fita. Ba ta so ya ji labarin a bakin 'yan aike, gara ya ji daga gare ta. Ta san yana ɗorawar da ke ƙetaren fadama, don haka ta yanke ta cikin rake, rake kuwa ya yi tsawon da ko mai doki sai ya ɓace a ciki.

Ta kai tsakiya ke nan ta ji ƙarar karyewar itace daga wajen injin Maiwada, sai ihu. Bijimin da ke juya injin ne. Tun safe ake zabga masa bulala don a cika tukwane, ya gaji, ya karya sandar da aka ɗaure shi a jikinta, ya yi jifa da mai korarsa, ya faɗa cikin raken yana jan guntun itacen a wuya. Wata mata da ta ga shigar Ummuhani ta ɗora hannu a ka ta ce akwai mutum a ciki, 'yar Malam Tukur ce.

Nan take bakin fadama ya cika. Kowa ya zama mai ba da umarni, wannan ya ce ta yi nan, wancan ya ce ta yi can, sai ka ce tana ganin yatsunsu. Ita kuwa ba ta ganin komai sai kara da ganye mai yanka fuska. Ta ji rake na ɓarkewa wani wuri kusa, amma ta kasa gane ta ina. Ta tsaya wuri ɗaya.

Sai ga wata murya daga sama, ba ta ihu ba, a shimfiɗe.

"Ummu. Ni ne. Kada ki saurari kowa."

Ta ɗaga kai, ba ta gan shi ba.

"Kwance kallabinki ki ɗaura a kan kara ki ɗaga sama... Madalla, na gan ki. Yanzu ki juyo ki fuskanci muryata."

Ta juya.

"Bijimin yana hagunki, nesa da jifa. Ba ke yake nufa ba. Tako a hankali, ki nufo ni."

Ta taka. Shi ma Ashafa, daga kan ɗorawar, ba bijimin yake gani ba, kan rake yake kallo inda yake kwantawa yana tashi. Bai bar ta da shiru ba ko kaɗan. Ya ce yana hagunki har yanzu, ya ce ya tsaya, ya ce ya juyo yana matsowa, ki karkata dama. Ta karkata. Ya ce ya wuce ta bayanki, yanzu yana damanki, yana nisa. Mutanen bakin fadama suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Malam Tukur ya iso a guje daga gonarsa, ba hula, ya tsaya a gindin ɗorawar yana haki.

Sai iska ta taso. Raken fadama gaba ɗaya ya kama rausaya, ba a bambance inda dabba ke motsi da inda iska ke wasa.

Muryar ta ɗan yanke, sannan ta dawo.

"Ya ɓace mini, Ummu. Tsaya cik inda kike."

Zuciyarta ta faɗi. Ta fi son ta ji kowace magana daga bakinsa ban da wannan.

Maiwada, wanda tun ɗazu yake bayan tukwanensa, ya ga dama ta samu. Ya haye kan turmin injin ya buɗe murya ya ce ya ga bijimin da idonsa ya yi arewa, ta ruga bakin rafi, hanya a buɗe take. Ya ce kada ta biye wa mahaukaci ya kashe ta a tsaye. Jama'a suka ɗauka, ruga, ruga. Har Malam Tukur ya ɗaga kai ya roƙi Ashafa ya ce mata ta gudu, ita muryarsa kaɗai take ji.

"Ban gan shi ba, Baba. Inda yake ɗazu na sani, inda yake yanzu ban sani ba. Ba zan tura ta ba."

Ummuhani ta ji su duka. Rafin yana kusa, tana jin ƙamshin laka, ƙafarta har ta ɗaga da kanta. Ga gari guda yana cewa ta gudu, ga mutum ɗaya yana cewa bai sani ba. Ta tuna katakon nan da aka ɗauke daga kan tebur. Ta mayar da ƙafarta ƙasa, ta riƙe karan da hannu biyu, ta rufe ido, hawaye na zuba.

"Ina ganin kallabinki, sanyin idona. Ina nan. Ban ɗauke ido ba."

Can sai 'yan tsuntsaye suka tashi fir daga bakin rafi, daidai hanyar da aka ce ta bi. Rake ya dare, bijimin ya yi wani gurnani da ya sa masu cewa ruga suka fara rugawa da kansu.

"Na gan shi. Yana bayanki, bakin ruwa, ya ba ki baya. Yanzu, Ummu. Miƙe gabanki, kada ki waiwaya."

Ta zubar da karan ta kutsa. Yana faɗa mata yana nan, bai motsa ba, ya juyo amma itacen wuyansa ya sarƙe, ci gaba, saura kaɗan. Ta faɗo fili a gindin ɗorawa, fuska duk yanka, mahaifinta ya cafe ta yana salati. Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka zagaya da igiya suka yi maganin bijimin. Maiwada kuwa aka neme shi a kan turmi aka rasa.

Ashafa ya sauko a hankali. Ƙafarsa na taɓa ƙasa abin ya zo masa: hannuwansa suka kama rawa, haƙoransa na haɗuwa, ya zauna dirshan ya kasa ko gaisuwa. Ga shi nan a gaban kowa, daidai yadda aka yi ta yaɗawa. Ya sunkuyar da kai don kunya.

Malam Tukur ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa masa a kafaɗa, ya tsuguna ya kama hannuwan nan biyu ya riƙe gam.

"Jiya ka ce mini ba ka sani ba, na kore ka. Yau ka sake faɗa, ga 'yata a tsaye." Ya share ido da bayan hannu. "Kayan nan ba su bar gidana ba, kuma ba inda za su. Ka turo manyanka."

Ashafa bai ɗago ba, kamar maganar ba ta kai gare shi ba. Ummuhani ta ga idonsa ya tafi can wani wuri mai nisa, wurin da ba ta taɓa zuwa ba. Ta dubi mahaifinta, ya kau da kai ya shiga gyaran takalminsa da ba abin da ya same shi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi ƙasa da murya.

"Soja. Ina damanka. Kusa ƙwarai... ina matsowa."

Ya juyo dama a hankali, ya gan ta.