Ɗigon Jinin da Ke Cikin Kyamara

Da hantsi tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini ya zo ofishin 'yan sanda da takalmi wari da wari. An sace masa kyamara, irin ta dā da ake ɗaura wa madubin likita a ɗauki hoton abin da ido ba ya gani.

Sufeto ya tambayi kuɗinta. Tsohon ya ce bai sani ba. Akwai faifan gilashi a cikinta, hoton ɗigon jinin 'yarsa da ya ɗauka ana gobe za ta rasu, kuma bai taɓa samun zuciyar wanke shi ba.

"Ranka ya daɗe, in aka buɗe ta a haske, shi ke nan, hoton ya lalace."

Suka je gidan. Ba a ɓalle ƙofa ba. A bango akwai hoton fiffiken ƙuda mai girman faranti, Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Madubin likitan na nan kan tebur, ko ƙwarzane babu a wuyansa. Tsohon ya ce a bai-bai ake kwance kyamarar, baƙo sai ya karya ta.

Ɗan tsohon, direban tasi, ya rantse ko taɓa ta bai iya ba, wai tun yana yaro aka hana shi shiga ɗakin da take.

Bincike ya kai Sufeto shagon wani dillalin gwanjo. Shi ma da farko ya ce bai san zancen ba. Da Sufeto ya sa Kofur ya fara sauke akwatuna, sai ya tuna. Wani ya kawo ta a mota, ya ce gado ce. Shi kuma dillalin ya faɗa masa masu tara tsofaffin kaya za su saye ta da kuɗin da ya isa sayen gida.

"Yaya ya kawo ta?"

"A naɗe cikin rigar mata, yallaɓai. Shi ya nuna min yadda ake kwance ta."

Aka kawo direban shagon tare da uban. Direban ya ga rigar marigayiya yayarsa a hannun Sufeto, ya zauna a kan akwati.

"Ni ne," ya ce. "Baba, kullum kana goge kyamarar nan kana yi mata magana. Yaya ta mutu, ni ina raye. Ka taɓa tambayata ko na ci abinci?"

Idon tsohon na kan kyamarar da aka zaro daga cikin kayan dillalin. Ya tambayi dillalin a hankali ko an buɗe ta.

Dillalin ya ce ai ba a yi wa kaya kuɗi sai an ga cikinsu. A bakin ƙofa suka buɗe ta, da rana tsaka, ɗan ne ma ya zare gilashin ya ɗaga sama.

Kofur ya sa wa direban ankwa. Har suka kai mota yana waiwaye.

Uban bai ɗago ba. Yana zaune da gilashin da dillalin ya miƙa masa a tafin hannunsa, yana juya shi.