Igiya Mai Ƙulli Talatin

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin fadama, an yi wani tsoho mai igiya. Duk shekarar da albasa ta yi tsada da bazara, sai ya ƙara mata ƙulli ɗaya.

"Ƙulli talatin, ba fashi," in ji shi. "Ku sayar da gero, ku sayi albasa ku ajiye."

Kowa ya sayar, ban da wata mai fura. Maƙwabta na mata dariya, ita kuwa sai ta je wurin tsohon.

Ta ce, "Baba, ina ƙullin shekarar da ba ta zo ba?"

"Ƙulli talatin, ba fashi, 'yata."

Ta dai hana a taɓa rumbunta.

Ana tsakiyar rani sai hadari ya haɗo, abin da ko kakanni ba su taɓa gani ba. Kwana uku ana ruwa. Albasa ta ruɓe, wari ya cika gari, yunwa ta biyo baya.

Ran nan tsohon ya yi sallama a ƙofarta, riƙe da buhu. Ta zuba masa gero, ta duba, babu abin ɗaure bakin buhun. Sai ya miƙo mata igiyar.