Tabon Da Ya Sauya Kafaɗa

Cin amana laifi ne da ba ya kwana a hanya, duk inda mai shi ya shiga sai ya bi shi har ɗaki. Mafi muni a ciki shi ne mutum ya ari fuskar wani ya yi ɓarna da ita. A kan wannan zan yi magana, mai kunne ya ji.

Akwai wasu matasa masu shirya finafinan ban tsoro, irin na arahar nan da ake kallo a waya. Kullum labarin ɗaya ne: mota ta mutu wa 'yan birni a daji, wani ƙato mai buhu a ka ya fito da adda ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A wani tsohon gidan yankan katako suke aiki, can inda kwalta ta ƙare. Kyamara ɗaya gare su, da janareta mai tari, da bokitin jini na jan kala da sikari wanda ƙudaje ke bi kamar mushe. Daraktansu Bahago ake ce masa, don komai da hagu yake yi.

Ranar da wata yarinya ta fara zuwa neman shiga fim, aka ce ta gwada ihu. Ta tsala shi, tsuntsaye suka watse daga kan rufi. Nan take ta sami suna, Jiniya.

Sai aka fito mata da mai buhu. Tana ganinsa ta ja da baya, tsoron ba na wasa ba. Shi kuwa ya tsaya cak, ya ɗora addar a gwiwarsa ya lanƙwasa ta har baki ya taɓa ƙota. Ashe daga tsohuwar taya aka yanko ta aka shafa mata fenti. Sannan ya cire buhun. Saurayi ne mai sanyin ido, gumi na zuba masa. Bebe ake kiransa, don a fim ba a taɓa ba shi ko kalma ɗaya ba.

"Kin ga, ko tumatir ba ta yankawa," in ji shi.

"To ashe beben yana magana?"

"Sai in ya ga abin faɗa."

Tun daga ranar, kafin kowace ɗauka sai ya lanƙwasa mata addar a gwiwa. Ma'anarsa, ni ne, kada ki ji tsoro. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi da fuskarsa ke cikin buhu, da gwiwa ya riƙa ba da nasa labarin.

Da yamma saƙonsa kan shigo: "Jiniyata, yau ma na kashe ki. Ki yafe mini, aiki ne."

Ita kuma ta mayar: "Dodona, wuyan rigata duk sikari. Gobe ka kashe ni a inda babu tururuwa."

Da maganar ta kai gida, mahaifinta, wani kafinta mai kaifin harshe, ya ajiye zarto ya dube ta.

"Wanda na gani yana jan ki a ƙasa da ƙafa ɗaya? Shi ne zai zama surukina?"

"Baba, wasa ne. Addar ma ta roba ce."

"Hannun da ya saba da ɗagawa, wata rana zai sauke. Fim ɗin ma don uwarki ta sa baki na bar ki."

Uwar kuwa ta ga yadda yarinyar ke rungume waya.

Shi ma Bahago yana son ta. Ya faɗa mata, ta ce masa cikin ladabi an riga shi. Ya yi dariya ya ce ba komai. Amma daga ranar ya fara ƙorafi cewa ihunta ya mutu.

"Da can kina ihu kamar za a zare ranki. Yanzu kina ganin wannan ƙaton sai ki yi kamar an taka miki takalmi. Soyayya ta kashe mini fim."

Wata rana da hantsi ya aiki Bebe gari sayen man janareta. Ya sa mai kyamara ya laɓe a bayan tarin katako. Ya ce wa Jiniya ta bi 'yar siririyar hanyar da ta shiga cikin itatuwa, gwaji kawai za a yi. Sannan ya zagaya ya sa rigar Bebe da buhunsa, ya ɗauki addar da suke share ciyawa da ita, ta ƙarfe.

Da mai buhu ya ɓullo, ta tsaya tana murmushi tana jiran ya lanƙwasa. Bai lanƙwasa ba. Ya sari reshen da ke kusa da kanta, reshen ya faɗi. Ta juya da gudu, ya bi ta. Saiwa ta harɗe ta, ya zo a guje ya kasa tsayawa, bakin addar ya buɗe mata kafaɗar hagu. Ihun da ta yi ranar, wanda ya ji shi bai ƙara son jin irinsa ba.

Ta farfaɗo a asibiti. Bahago na tsaye a kanta da fuskar tausayi.

"Na hana shi ɗaukar ta ƙarfen, ya ƙi ji. Kishi ne, ya ga ina kula ki."

Mai kyamara ya sunkuyar da kai, yana tsoron rasa aikinsa.

Bebe ya zo da jarkar mai a hannu, kafinta ya tare shi a ƙofa.

"In na sake ganin ƙafarka a nan, za ka san ni ma da ƙarfe nake aiki."

Bebe ya rubuta mata: "Wallahi ba ni ba ne. Ina gidan mai. Na taɓa fito miki ban lanƙwasa ba?"

Ta mayar: "Shi ne abin da ya fi saran ciwo. Na tsaya ina jiran ka. Kada ka sake kira na."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta daina fita. Ko buhun gawayi aka jingine a tsakar gida sai ta ƙanƙame uwarta. Uwar ce ke wanke raunin safe da yamma har ya kame ya bar tabo. Bebe kuwa unguwa ta juya masa baya, mata na janye 'ya'yansu in ya wuce. Bahago ya shiga zarya gidan kafinta da sunan dubiya, har ya fara cewa shi ko da tabo yana so.

Da ya tsaya nan, da wataƙila ya sha. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ihun nan na gaske yana cikin kyamararsa, ya kasa haƙura da shi. Abu ɗaya ya dame shi: a hoton, addar tana hannun hagu. Sai ya sa mai haɗa hoto ya juya ɗaukar kamar a madubi, hagu ta koma dama. Ya saki guntun a matsayin talla.

Wata maƙwabciya ce ta shigo da shi a waya, wai tana jaje. Kafinta ya ce a kashe. Uwar ta riƙe hannun matar.

"Dakata. Mayar da shi baya."

Aka mayar.

"Maigida, dubi inda jinin yake. Dama ce wannan. Ni na wanke raunin nan da hannuna, a hagu yake."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko madubinta, ta kara wayar a gabansa. A cikin madubi rauni ya koma hagu inda Allah ya san yake. Addar ma ta koma hagu.

Jiniya ta matso ta ƙura wa madubin ido. Ita ce ta fara magana.

"Bebe da dama yake riƙe ta. Kullum a gwiwar dama yake lanƙwasawa."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kafinta ya sa takalmi ya je ya sami mai kyamara. Bai ko ɗaga murya ba, mutumin ya fashe da kuka ya faɗi komai. Daga can bai koma gida ba, ɗakin Bebe ya nufa.

"Ɗana, na yi maka hukunci da ido, ido kuwa ya ci amanata. Ka yafe wa tsoho."

"Baba, ko ni ne a matsayinka abin da zan yi ke nan. Yaya jikinta?"

Da yamma saƙonta ya shigo: "Dodona, na ji kunyar ka. Tabon babba ne, ka sani."

Ya mayar: "Jiniyata, ni da na yi shekaru a cikin buhu ba za ki tsorata ni da tabo ba. Gobe ina tafe da manyana."

Aka ɗaura aure ba da wani taro mai yawa ba. Har yau takan firgita in an taho ta bayanta, shi ya sa ango ba ya shiga gida sai ya yi gyaran murya tun daga ƙofa. Ya bar fim, yana koyon aiki a shagon surukinsa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuriya mai jin ƙai, ya tsare su daga mai fuska biyu.

Bahago kuwa, ga abin da ya girba. Yarinyar da ya nema, ga ta matar wanda ya so ya ɓata wa suna. Mai kyamara da mai haɗa hoto su suka ba da shaida a kansa, tallar da ya saki da hannunsa ita aka kunna a gaban alƙali. Aka ɗaure shi, fim ɗin bai fito ba. Da ya fito, babu uban da ya yarda 'yarsa ta bi shi ko bakin kwalta, balle daji. Ya koma gidan katakon ya tarar an kwashe janareta, bokitin ya bushe. Abin da ya rage masa buhu ne mai huda biyu, rataye a kan ƙusa.