Ƙarfen da Makaniki Ya Ɗaura wa Sitiyari

Kai makaniki, kai ka jawo mini wannan masifa! Cewa na yi ka tsare mini tsohuwar jif ɗin marigayi maigidana daga ɓarayi. Ka cire batir, ka kulle sitiyari da wani ƙarfe mai tsatsa.

Jiya da dare na ji inji yana ruri, alhali batirin yana ƙarƙashin gadona. Na fita da tocila. Garejin sai ƙarnin jini, ga mutum zaune a kujerar direba.

"Sannu, Iya," ya ce, bakinsa ko motsi. "Ƙarfena na biyo."

Na haska shi. Ƙirjinsa a lotse yake, da shatin sitiyari.

Fito ka gaya mini, a motar wa ka kwance ƙarfen nan?